Tarihin Tallafin Gwamnati don Gina Wuraren Amfanin Jama'a a Sokode da Dapaong

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin bibiyar yadda gwamnatin Togo ta riƙa ba al'umma kuɗi don gina ajujuwa, ɗakunan shan magani, rijiyoyin burtsatse da rumfunan kasuwa a yankunan Sokode da Dapaong. Sokode, babban birnin jihar Tsakiya, tsohon zangon fatake ne a kan hanyar goro ta zuwa Gwanja. Dapaong kuwa shi ne babban birnin jihar Savanes, kusa da iyakar Burkina Faso.

2.0 Zamanin Taimakon Kai da Kai

A shekarar 1993 Tarayyar Turai ta dakatar da taimakonta ga Togo saboda rikicin siyasa, ba ta dawo da shi gaba ɗaya ba sai a 2007. A wannan tsakani aljihun gwamnati ya bushe. Iyaye suka koma kafa makarantu da kansu, waɗanda aka sani da EDIL, suna tara kuɗi su biya malamai. Binciken da aka yi a 2006 ya nuna kimanin kashi 90 cikin ɗari na mutanen Savanes matalauta ne.

3.0 Shigowar Tallafi

A 2008 aka kafa ma'aikatar raya karkara da unguwanni a ƙarƙashin Victoire Tomegah-Dogbé, sannan Bankin Duniya ya sa kuɗi a shirin raya al'umma mai suna PDC. Kuɗin sun riƙa bi ta hukumomin AGAIB na jihohi, ciki har da na Sokode da Dapaong. Kwamitin ƙauye shi zai zaɓi abin da ake bukata, jama'a su kawo ɗan nasu kason, yawanci yashi, ruwa ko aikin ƙarfi, sauran kuma ya fito daga tallafin. A 2011 aka kafa hukumar ANADEB, wadda daga baya ta ɗauki irin wannan aiki.

Bayan hare-haren 'yan bindiga da suka fara a yankin Kpendjal a 2021, gwamnati ta ƙaddamar da shirin gaggawa na PURS a 2022 don jihar Savanes. Daga nan gina makaranta da rijiya ya shiga cikin maganar tsaro.

4.0 Kammalawa

Abin lura shi ne, irin wannan tallafi na gini ne. Idan an gama, gyaran famfo da sauya kwanon da iska ta yaye sukan koma wuyan kwamitin da ya karɓi ginin. Saboda haka ɗorewar aikin ta dogara ne ga mutanen da talaucinsu ya sa aka kawo tallafin tun farko. Duk mai nazarin wannan tarihi ya kamata ya tambayi ba yawan abin da aka gina kaɗai ba, har da wanda ke kula da shi bayan bikin buɗewa.