Taruwar Ruwa a Ƙwaƙwalwa: Yadda Kumburin Matsarmama Ke Toshe Bututun Shant

Ƙwaƙwalwar babban mutum na samar da kusan mililita 500 na ruwa a kullum, jiki kuma yana shanye shi. Idan hanyar ruwan ta toshe sai ya taru ya danne ƙwaƙwalwa. Wannan lalura ce likitoci ke kira haidirosefalos. Ana haihuwar wasu jarirai da ita, wasu kuma sanƙarau, ƙari ko rauni a ka ne ke jawo musu.

Maganin da aka fi yi shi ne sanya shant, wato siririn bututu mai bawul da ake binnewa a ƙarƙashin fata domin ya kwashe ruwan. Injiniya John Holter na Amurka ya ƙera irin bawul ɗin da ya yaɗu a duniya a 1956, saboda ɗansa mai wannan lalura. Yawanci ana kai ƙarshen bututun cikin ciki, inda tantanin da ya lulluɓe hanji ke shanye ruwan. Idan tantanin ya gaza, akan karkata shi zuwa zuciya, ƙirji ko matsarmama, jakar maɗaci da ke manne a ƙarƙashin hanta.

Kumburin matsarmama yakan faru ne idan tsakuwa ta toshe mafitarta. Masu cutar sikila sun fi saurin samun irin wannan tsakuwa. Kumburin na iya shafar tantanin ciki har ya daina shanye ruwa, ko kitsen hanji ya manne a bakin bututun, ko ƙwayoyin cuta su bi shi su haura ƙwaƙwalwa. Ga wanda bututunsa ke cikin matsarmama kuwa, matsi kan ƙaru har maɗaci ya koma sama.

Alamomin toshewa sun haɗa da matsanancin ciwon kai, amai, yawan barci da rikicewar gani. A jarirai, kumburin maɗiga da girman kai. Na matsarmama kuma su ne zazzaɓi, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wani lokaci da shawara. Haɗarin shi ne a ɗauke su a matsayin taifot ko olsa, a ɓata lokaci ana shan magani a gida.

Likitoci na tabbatar da matsalar ta hanyar sikanin na ciki, hoton ƙwaƙwalwa da gwajin jini. Sukan ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, su fito da ƙarshen bututun waje na ɗan lokaci, su cire matsarmama idan ta kama, sannan su sake dasa shi.

A birnin Bauchi, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ne babbar cibiyar da ake tura masu lalura mai tsanani. Duk mai shant da ciwon ciki da zazzaɓi suka kama, ya kamata a garzaya da shi asibiti a ranar, a kuma sanar da likita tun farko cewa akwai bututu a jikinsa.