Zare: Shuɗin akun da aka kame har ya ƙare a daji

1/ Wa ya kalli fim ɗin Rio na 2011? Jinsin shuɗin akun nan, Blu, akwai shi da gaske. Sunansa akun Spix, ɗaya daga cikin ƙananan akun makaw na Brazil. Ku biyo ni ku ji yadda son ajiye shi a keji ya kusa shafe shi.

2/ A 1819 wani Bajamushe masanin dabbobi, Johann von Spix, ya samo shi a jihar Bahia, kusa da kogin São Francisco. Busasshen daji ne mai ƙaya, kamar na Sahel. Nauyin tsuntsun kusan giram 300 ne, kuma yana sheƙa a kogon bishiyar caraibeira da ke bakin rafi.

3/ Aka sare bishiyoyin, awaki suka cinye masu tsirowa. Amma masu kamu ne suka ƙarasa shi. Brazil ta hana fitar da namun daji tun 1967, sai fataucin ya koma ɓoye. Duk sanda ya ƙara ƙaranci, attajiran waje su ƙara masa kuɗi.

4/ Zuwa 1990 namiji ɗaya tak ya rage a daji, kusa da garin Curaçá. Da ya rasa mace, sai ya haɗu da macen wani jinsin ƙaramin makaw, maracanã. Abin tausayi wallahi. A 1995 aka sako masa mace irinsa daga keji, bayan 'yan makonni ta ɓace, ana zargin wayar lantarki ce ta kashe ta. A 2000 shi ma aka daina ganinsa.

5/ Sauran fa? Suna gidajen mutane. A 2002 aka gano wani mai suna Presley a wani gida a Colorado, Amurka, shekara da shekaru yana can. Aka mayar da shi Brazil.

6/ Ga inda kai ke ɗaurewa: na kejin ne suka ceci jinsin. Sheikh Saud Al Thani na Qatar ya saye da yawa, ya hayayyafa su a Al Wabra, daga baya aka kai su Jamus. Ni dai ban ga abin yi wa masu saye tafi ba, kasuwarsu ce ta kwashe dajin tun farko.

7/ Mu ma muna da namu: akun nan mai ruwan toka da jan wutsiya da ake sayarwa a kasuwanninmu. A 2016 yarjejeniyar CITES ta hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe.

8/ A 2020 aka dawo da akun Spix 52 daga Jamus zuwa Curaçá. A 2022 aka saki 20. Da yake a keji suka tashi, sai aka haɗa su da maracanã na daji su koya musu neman abinci da gudun shaho.