Yadda Colston ya hau dakali a Bristol da yadda ya sauka

Edward Colston ya mutu a shekarar 1721, amma sai a 1895 aka kafa masa mutum-mutumi a tsakiyar birnin Bristol na ƙasar Ingila. Shekara 174 ke nan tsakani. Duk mai son fahimtar rikicin da ya biyo baya, daga wannan tazarar ya kamata ya faro, domin ba mutanen zamaninsa ne suka ɗora shi kan dakali ba. Wasu attajirai ne da suka zo daga baya suka zauna suka yanke shawarar cewa shi ne uban da ya dace garin ya yi tinƙaho da shi.

An haife shi a Bristol a 1636, ɗan gidan fatake. A 1680 ya shiga kamfanin Royal African Company, wanda a lokacin shi kaɗai masarautar Ingila ta ba izinin fataucin bayi daga Afirka ta Yamma, hedikwatarsa ta Afirka kuma tana ganuwar Cape Coast a ƙasar Ghana ta yau. Ya riƙa hawa har ya zama mataimakin shugaban kamfanin a 1689, ya bar shi a 1692. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a cikin waɗannan shekaru jiragen kamfanin sun kwashi 'yan Afirka kusan 84,000, maza da mata da yara, kuma wajen 19,000 daga cikinsu sun mutu a teku. Da ƙarfe mai zafi ake yi wa bayin tambarin kamfanin a jiki.

Da ya tsufa sai ya buɗe bakin aljihu. Ya gina makarantu da gidajen gajiyayyu, ya taimaki majami'u, ko da yake alherin nasa bai cika kai wa ga waɗanda ba 'yan ɗariƙarsa ko 'yan siyasarsa ba. Wannan ɓangaren ne kaɗai aka tsince a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da wani mai maɗaba'a, James Arrowsmith, ya jagoranci neman gudummawar yin mutum-mutumin. Kuɗin da jama'a suka bayar ma bai isa ba, sai da aka yi ta kai gwauro da mari kafin a cike. John Cassidy ya ƙera shi da tagulla, aka manna allo mai yabonsa da nagarta da hikima, ba a ambaci bayi ko da kalma ɗaya ba. Sunansa kuwa ya riga ya mamaye garin: tituna, makarantu, babban zauren kiɗa, har da wani burodi mai zaƙi da ake raba wa yara.

Masu cewa an yi gaggawar sauke mutum-mutumin a 2020 ba su bi labarin daga tushe ba. Tun shekarun 1990 mazauna garin, musamman zuriyar baƙaƙen fata na Karebiyan, suke ƙorafi. Da aka ƙi sauke shi, sai aka nemi abu mafi sauƙi, wato a ƙara allo na biyu da zai faɗi inda dukiyar ta fito. A 2018 hukumar birnin ta fara aikin, masaniyar tarihi Madge Dresser da 'yan makaranta suka sa hannu a rubutun. Sai tsohuwar ƙungiyar attajiran garin, Society of Merchant Venturers, wadda ta daɗe tana kula da wasu cibiyoyin da Colston ya bari, ta shiga ana ta sassauta lafazi, har aka cire adadin yaran da aka yi fataucinsu. A 2019 magajin gari Marvin Rees, wanda mahaifinsa ɗan Jamaika ne, ya ƙi amincewa da abin da ya rage. Allon bai hau ba. A ganina a nan ne aka rasa damar warware maganar cikin ruwan sanyi, kuma alhakin yana wuyan waɗanda suka kasa jure wa jimloli kaɗan na gaskiya.

Ranar 7 ga Yuni 2020, mako biyu bayan kisan George Floyd a Amurka, masu zanga-zanga suka ɗaura wa mutum-mutumin igiya suka fizgo shi ƙasa, suka mirgina shi har bakin tashar jiragen ruwa suka tura shi ciki. A kusa da gadar Pero suka jefa shi, gadar da ke ɗauke da sunan Pero Jones, bawan da aka kawo Bristol daga tsibirin Nevis. Bayan kwana huɗu hukuma ta tsamo shi. An gurfanar da mutum huɗu bisa zargin lalata kaya, masanin tarihi David Olusoga, haifaffen Legas, ya ba da shaida kan fataucin Colston, kuma a Janairun 2022 masu taimaka wa alƙali suka wanke su duka.

Saukewar ta fi maye gurbin sauƙi. Da asubahin 15 ga Yuli 2020, mai sassaƙa Marc Quinn ya kafa siffar Jen Reid, wata baƙar fata da ta hau dakalin ranar zanga-zangar ta ɗaga dunƙulallen hannu. Bai nemi izinin kowa ba, washegari hukuma ta ɗauke ta. Rees ya tsaya a kan cewa mutanen gari ne za su zaɓi abin da zai hau wurin, kuma yana da gaskiya, tunda ciwon 1895 shi ne 'yan tsiraru masu hali sun zaɓar wa kowa. Aka nemi ra'ayin jama'a, mutum kusan 14,000 suka amsa, mafi yawansu suka ce a kai shi gidan tarihi. Tun Maris 2024 yana kwance a gidan tarihi na M Shed, da fentin da aka watsa masa. Zauren kiɗan ya koma Bristol Beacon, makarantar 'yan mata mai ɗauke da sunansa ta koma Montpelier High School. Dakalin yana nan ba kowa a kansa.

Landan ta bi wata hanya. Kwana biyu bayan abin da ya faru a Bristol, hukumomi da kansu suka sauke mutum-mutumin Robert Milligan, mai gonakin rake da ɗaruruwan bayi a Jamaika, daga bakin tashar West India Quay. A 2024 aka sanar da abin da za a kafa a wannan yanki domin tunawa da bayin: aikin Khaleb Brooks, wani ƙaton wuri na tagulla mai tsayin kusan mita 7, wanda mutum zai iya shiga cikinsa. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin wuri, da shi kakanninmu suka yi ciniki a Kurmi. Turawa sun riƙa jigilarsa daga tsibiran Maldives, ta tashoshin Landan da Amsterdam, su sauke shi a gaɓar Afirka ta Yamma su sayi mutane da shi.