Laberiya: 'Yantattun Bayi da Masu Ƙasa

Dattawa da yawa a ikkilisiyoyinmu sun fara jin sunan Monrobiya ne daga akwatin rediyo. Tun daga 1954 gidan rediyon ELWA, wanda ke hannun mishan na SIM a bakin teku kusa da wannan birni, ya yi ta watsa bishara cikin harsunan Afirka, har da Hausa. A 1990 muryar ta yi shiru, gama yaƙi ya ci tashar. Cikin wannan shekara kuma sojojin Nijeriya da na Gana da waɗansu ƙasashe suka sauka can a ƙarƙashin rundunar ECOMOG, da yawa kuwa ba su komo gida ba. Me ya jefa Laberiya, jamhuriya mafi tsufa a Afirka, cikin wannan wuta? Sai mun koma baya wajen shekara 170 kafin mu gane.

A Disamba 1816 waɗansu manyan Turawan Amurka suka taru a Washington, suka kafa ƙungiya domin kwashe baƙaƙen fata 'yantattu zuwa Afirka. Zuciyarsu ba ɗaya ba ce. Akwai masu bi irin su Fasto Robert Finley, waɗanda suka ga baƙin mutum ba zai taɓa samun daraja a Amurka ba, suna kuma sa zuciya waɗanda suka tafi za su kai bishara. Akwai kuma masu bayi, waɗanda ke tsoron kada bayinsu su ga 'yantattu suna yawo, su ma su nemi 'yanci. Yawancin baƙaƙen Amurka sun ƙi wannan shiri, suka ce ƙasar da guminsu ya gina ita ce tasu. Amma waɗansu suka yarda.

Jirgin farko, mai suna Elizabeth, ya tashi daga New York a 1820 da mutum sama da 80. Suka sauka a tsibirin Sherbro na Saliyo, zazzaɓi ya kashe da yawa. A Disamba 1821 wani hafsan jirgin yaƙin Amurka, Robert Stockton, tare da wakilin ƙungiyar, suka zauna da sarakunan bakin teku a kan wani yanki da ake kira Mesurado. Labari ya nuna sai da Stockton ya auna sarkin da bindiga kafin a gama ciniki. Aka biya da taba, da barasa, da albarushi, da tufafi, kayan da ba su wuce dala 300 ba. Baƙin sun ɗauka sun saya ke nan har abada. Masu ƙasa kuwa, bisa ga al'adarsu, ba a sayar da ƙasar kakanni, sai dai a ba baƙo wurin zama. Wannan saɓani shi ne tushen abin da ya biyo baya.

A 1822 aka kafa garin, daga baya aka sa masa suna Monrobiya domin girmama shugaban Amurka James Monroe. Kada mai karatu ya raina wahalar da mutanen nan suka sha. Daga 1820 zuwa 1843 mutum 4,571 aka kawo, amma da aka ƙidaya a 1843, mutum 1,819 ne kaɗai suka ragu, yawancin sauran sun mutu, da yawa daga cikinsu cutar cizon sauro ce ta kwashe su. Cikin na farko akwai Lott Carey, bawa daga Virginia wanda ya tara kuɗi ya fanshi kansa da 'ya'yansa. Shi ya kafa ikkilisiyar Baftis ta Providence, ya yi wa'azi, ya buɗe makaranta, ya yi jinyar marasa lafiya. Ya mutu a 1828 sa'ad da albarushi ya fashe, suna cikin haɗa harsashi domin faɗa da mutanen ƙasa. Ran mutumin nan ɗaya ya isa ya nuna mana halin da sabon garin ke ciki.

'Yan kasuwar Ingila suka ƙi biyan kuɗin fito, suka ce ƙungiya ba gwamnati ba ce. Saboda haka ran 26 ga Yuli 1847 baƙin suka yi shelar mulkin kansu, mutum 11 suka sa hannu, shi ya sa tutarsu take da layi 11. Joseph Jenkins Roberts, haifaffen Virginia, ya zama shugaba na fari. Ingila ta amince da sabuwar ƙasar a 1848, Amurka kuwa sai 1862, a zamanin Lincoln. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sa'ad da Turawa suka rarraba Afirka a tsakaninsu, Laberiya da Habasha ne kaɗai suka tsira, ko da yake Ingila da Faransa sun yanki manyan yankuna daga gefenta.

Amma 'yancin na wane ne? Kirarin da aka rubuta a tambarin ƙasar yana cewa ƙaunar 'yanci ce ta kawo su wurin. To, Kpelle da Bassa da Kru da Grebo da Gio da Mano da Vai da sauran kabilu, waɗanda babu jirgin da ya kawo su, ina rabonsu cikin wannan kirari? Baƙin da zuriyarsu ba su taɓa wuce kashi 5 cikin 100 na jama'a ba, duk da haka su ne gwamnati, su ne alƙalai, su ne manyan ikkilisiya. Suka gina gidaje irin na iyayengijinsu na dā a kudancin Amurka, suna sa kwat da doguwar hula cikin zafin bakin teku, suna kiran masu ƙasa marasa wayewa. Alhali kuwa wani mutumin Vai, Momolu Duwalu Bukele, ya riga ya ƙago wa harshensa rubutu tun wajen 1833. Yaron ƙauye da ke son ilimi, sau da yawa sai ya zama bara a gidan baƙi, ya ɗauki sunansu, ya bar harshen uwarsa. Jam'iyya ɗaya, True Whig, ta riƙe mulki daga 1878 har 1980.

Masu ƙasa ba su yi shiru ba. Grebo da Kru sun yi tawaye ba sau ɗaya ba. William Wade Harris, wani malamin mishan Bagrebe, an jefa shi kurkuku domin ya ɗaga tutar Ingila a 1909, yana nuna gara mulkin Turawa da na Monrobiya. Da ya fito sai ya tuɓe kayan Turawa, ya sa farar riga, ya ɗauki sanda mai gicciye da ƙwaryar ruwa, ya bi bakin teku da ƙafa. Daga 1913 zuwa 1915 ya yi wa mutum fiye da 100,000 baftisma a Kwaddibuwa da yammacin Gana ta yau. Aikin da aka ce baƙin sun zo yi, ɗan ƙasa da suka ɗaure ne ya yi shi.

A 1926 gwamnati ta ba kamfanin Firestone izinin hayar ƙasa har eka miliyan 1 domin noman roba, na shekara 99, a kan santi 6 kowace eka. A 1930 kwamitin bincike na Ƙungiyar Al'ummai, wadda ta riga Majalisar Ɗinkin Duniya, ya tarar manyan gwamnati suna kama samarin ƙasa suna tura su aikin tilas a gonakin koko na tsibirin Fernando Po. Shugaba Charles King da mataimakinsa suka sauka. Jikokin bayi ne aka kama da abin da ya yi kama da cinikin bayi.

William Tubman, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1971, ya buɗe ƙofa kaɗan. A zamaninsa ne masu ƙasa da mata suka sami ƙuri'a, kuɗin roba da na tama suka shigo. Amma ragamar tana nan inda take. Magajinsa William Tolbert fasto ne, shi ne ma ɗan Afirka na fari da ya shugabanci ƙungiyar Baftis ta duniya. A Afrilu 1979 gwamnatinsa ta yi niyyar ƙara kuɗin buhun shinkafa daga dala 22 zuwa 26, talakawa suka fito, aka harbe mutane da yawa. Ran 12 ga Afrilu 1980 wani saje ɗan shekara 28, Samuel Doe, ɗan kabilar Krahn, ya shiga fada da sojoji kaɗan, suka kashe Tolbert. Bayan kwana 10 aka ɗaure manya 13 a bakin teku aka harbe su, jama'a suna sowa.

Sowar ba ta daɗe ba. Doe ya tarar da kujerar da aka sassaƙa domin 'yan kaɗan, bai sāke ta ba, sai ya zaunar da danginsa. Bayan wani yunƙurin juyin mulki a 1985, sojojinsa suka karkashe Gio da Mano a lardin Nimba. Ta wannan lardi Charles Taylor ya shigo da mayaƙansa a jajiberin Kirsimati na 1989. A ƙarshen Yuli 1990 sojojin Doe suka shiga majami'ar Lutaran ta St. Peter a Monrobiya, suka kashe wajen mutum 600 da suka fake a ciki. Kafin yaƙi ya ƙare a 2003, an yi kiyasin rayuka 250,000 sun salwanta.

Waɗanda suka taimaka aka kashe wutar ba masu bindiga ba ne. Mata ne, Kirista da Musulmi, na kowace kabila, sanye da fararen tufafi, a ƙarƙashin jagorancin Leymah Gbowee. Suka zauna cikin rana da ruwa suna addu'a, suka bi masu sulhu har Akra, suka tare ƙofar zauren har a daidaita. Taylor ya tafi gudun hijira Kalaba, a 2012 kuma wata kotu ta musamman ta yanke masa shekara 50 saboda laifofin yaƙin Saliyo. A 2006 Ellen Johnson Sirleaf ta hau mulki, mace ta fari da aka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka. A 2018 da 2024 mulki ya sāke hannu ta ƙuri'a, ba a zub da jini ba.

'Yan'uwa, mutanen da suka kafa Laberiya sun sha zalunci na gaske, sun kuma yi addu'a da gaske. Amma shan zalunci bai hana su yin zalunci ba, gina majami'u kuma bai sa sun ga maƙwabcinsu daidai da kansu ba. Mu ma a garuruwanmu mun san gardamar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, mun kuma ga kaburburan da ta haƙa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ƙara wa Laberiya salama, ya ba mu kunnen ji.