Tarihin Masaukin Baƙi na Rumsiki a Arewacin Kamaru

Rumsiki ƙauye ne a kan duwatsun Mandara, kimanin kilomita 55 daga Mokolo, dab da iyakar Nijeriya. Mazaunansa Kapsiki ne, 'yan'uwan Kamwe na ƙasar Michika. Tsaunukan nan sun daɗe suna zama mafaka daga farautar bayi. Littafin da Hamman Yaji, sarkin Madagali, ya ajiye daga 1912 zuwa 1927 ya nuna yadda ake kai hare-hare yankin. Bayan an kori Jamusawa a 1916, Ingila da Faransa suka raba ƙasar, al'ummar ta rabu gida biyu.

Masaukin, wanda ake kira Campement de Rhumsiki, ya bi tsarin barikin saukar jami'an mulkin mallaka: zagayayyun ɗakuna masu siffar bukka, suna fuskantar dogayen duwatsun da aman wuta ya bari. Bayan samun 'yancin kai a 1960, a zamanin Ahmadu Ahijo ɗan Garwa, ya zama zango ga Turawan da ke sauka Garwa ko Marwa, musamman bayan da Waza ya zama gandun daji na ƙasa a 1968. 'Yan rakiya da masaƙa da bokan nan mai duba da ƙaguwa duk sun ci abinci a gindinsa.

A Fabrairun 2013 Boko Haram ta sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Waza, baƙi suka ɗauke ƙafa. Duwatsun da suka kāre kakanni ba su iya kāre sana'ar jikoki ba, domin ita tana rayuwa ne da amincin hanya.