Kwale-kwalen roba da injinsa: Abin da ake dubawa kafin a shiga teku kamun kifi

Kwale-kwalen roba mai hurawa jirgin ruwa ne da gefunansa suke manyan bututai cike da iska, tsakiyarsa daɓe, bayansa kuma allo mai ƙarfi inda ake ɗaura inji. Ana iya sace masa iska, a naɗe shi, a sa a bayan mota. Wannan sauƙin ɗauka da araharsa idan an kwatanta da jirgin faiba su ne suke jan masu son fara kamun kifi a gaɓar teku, a Legas ko Tema ko Limbe. Sai dai farashi bai kamata ya zama farkon lissafi ba. Irin ruwan da za a shiga shi ne yake zaɓen jirgi, jirgin kuma ya zaɓi injinsa.

Masu bibiyar labarai sun fi sanin irin wannan jirgi ta hotunan Bahar Rum, inda masu safarar mutane suke cusa bakin haure fiye da 100 a cikin guda ɗaya daga gaɓar Libiya. Abin ya kai ga a watan Yulin 2017 Tarayyar Turai ta taƙaita sayar da jiragen roba da injinansu zuwa Libiya, amma ta keɓe masu halastacciyar buƙata kamar masunta. Waɗancan jirage an ɗinka su ne da roba marar kauri don tafiya ɗaya tak. Jirgin da aka ƙera bisa ƙa'ida daban yake. A 1952 wani likita Bafaranshe, Alain Bombard, ya tsallaka Tekun Atlantika shi kaɗai a cikin jirgin roba ƙirar Zodiac, daga tsibiran Kanari zuwa Barbados, cikin kwana 65.

Ruwan da za a shiga

Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, kuma doka ta hana manyan jiragen jan taru aiki a cikin mil biyar na teku daga gaɓa, wato kilomita tara da ɗoriya. An bar wannan fili ne ga ƙananan masunta. Amma filin ba kwance yake ba. Igiyar ruwan da take tasowa daga kudancin Atlantika tana zuwa ta fashe da ƙarfi a bakin yashi, musamman daga Yuni zuwa Satumba, kuma mafi munin wuri shi ne bakin kogi, inda ruwan da yake fita yake karo da igiyar da take shigowa.

Wannan ne ya sa masuntan da suka gaji sana'ar a gaɓar Gana da Najeriya suke riƙe da dogayen kwale-kwalen katako masu nauyi. Suna keta igiya, suna jure jan ƙasa a kan yashi, suna ɗaukar taru da ƙanƙara da kifi mai yawa. Jirgin roba ba zai maye gurbinsu ba, kuma duk dillalin da ya ce zai iya, kayansa yake son sayarwa. Aikin jirgin roba shi ne kamun fatsa na mutum biyu zuwa huɗu, a cikin tafkunan bakin teku irin na Legas, da mashigai, da kusa da gaɓa a ranar da ruwa ya kwanta.

Jiragen da aka ƙera don kasuwar Turai suna ɗauke da harafi ɗaya, daga A zuwa D, wanda yake nuna ruwan da aka yi su dominsa. Mai harafin D na ruwa ne mai kwanciya, wanda igiyarsa ba ta wuce santimita 30 ba. Mai C yana jure igiya har mita biyu da iska mai gudun kusan kilomita 50 a awa. Don teku, ko da bakin gaɓa ne, kada a sauka ƙasa da C. Harafin yana kan ƙaramin allon da aka manna a bayan jirgin, tare da adadin mutane, da nauyin kaya, da iyakar ƙarfin injin da zai ɗauka. Jirgin da ba shi da wannan allo, a bar wa mai shi kayansa.

Roba da daɓe

Iri biyu ake amfani da su. PVC ta fi araha da sauƙin nauyi, amma rana da zafi suna cin ta: tana bushewa, tana danƙo, gam ɗin mahaɗarta yana sakewa. Ɗayar ita ce wadda ake kira Hypalon. Kamfanin DuPont mai sunan ya daina yin ta a 2010, amma wasu kamfanoni suna ci gaba da yin irinta da sunan CSM. Ta fi tsada nesa ba kusa ba, ta kuma fi jure rana da fetur da gishiri, sannan facinta ya fi kamawa. A ƙasar da rana take duka kusan duk shekara, bambancin kuɗin yana biyan kansa. Wanda ƙarfinsa bai wuce PVC ba, ya nemi wadda aka narka mahaɗarta da zafi maimakon gam, ya kuma tanadi rumfa ko murfi.

Dole bututan su kasance a rabe gida-gida, aƙalla uku, kowane da bakin hurawarsa, yadda idan ɗaya ya fashe sauran za su riƙe jirgin. Ƙarfin iskar da ake hura musu kaɗan ne ƙwarai, kusan kashi ɗaya cikin goma na tayar mota, don haka ana bukatar famfo mai ma'auni. Jirgin da aka cika da sanyin asuba aka bar shi kan yashi da tsakar rana, iskar cikinsa tana kumbura har ta yaga mahaɗa.

Ga masunci, daɓe ya fi komai muhimmanci bayan roba. Daɓen iska yana da sauƙin naɗewa, amma ƙugiya da wuƙa da ƙayar bayan kifi ba sa barin sa lafiya. Daɓen fale-falen alminiyam ko katako yana ba da wurin tsayuwa, kuma ba ya hujewa. Sama da su duka akwai mai ƙasan faiba, wanda asalin irinsa mai ƙasa mai tauri aka fara ƙerawa a kwalejin Atlantic da ke Wales a shekarun 1960, har hukumomin ceto suka rungume shi. Yana yanka igiya fiye da sauran, sai dai ba ya naɗewa, sai da tirela. Tsawon da ya dace da mutum uku da kayansu shi ne mita huɗu ko kusa da haka.

Injin

Sau da yawa kuɗin inji ya kai na jirgi ko ya fi shi, kuma a nan aka fi yin kuskure. Injin da ya fi ƙarfin abin da allon ya rubuta yana nauyaya baya, yana ɗaga goshi, yana iya tsage allon da aka ɗaura shi. Wanda ya gaza kuwa ba zai ɗago jirgin ya hau saman ruwa ba, sai ya yi ta turawa yana shan mai. Jirgi mai mita huɗu yakan ɗauki inji mai ƙarfin doki 20 zuwa 30, kuma abin da ya fi shi ne a tsaya kusa da iyakar ba tare da an haura ta ba. Injin Yamaha Enduro mai doki 40, wanda ya cika gaɓar Afirka ta Yamma, nauyinsa ya haura kilo 70. An yi shi ne don manyan kwale-kwale, ya fi ƙarfin yawancin ƙananan jiragen roba. Wannan ya isa ya sa a yi tambaya duk lokacin da aka ga ɗan siyasa ya jera injina iri ɗaya yana rabawa da sunan tallafi: wa ya auna jiragen waɗanda za su karɓa?

Sai tsawon ƙafar injin. Gajeriya inci 15 ce, doguwa inci 20, kuma tsayin allon bayan jirgi ne yake tantance wadda za a saya. Faffaɗan ƙarfen da yake saman farfela ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgin. Idan ya yi sama, farfela za ta riƙa shaƙar iska tana juyawa a banza. Idan ya yi ƙasa, ga jan ruwa, ga karo da yashi.

Injinan iri biyu ne. Mai bugu biyu shi ne wanda ake gauraya masa fetur da mai, kamar ƙaramin janaretan Tiger na shaguna. Ba shi da nauyi, kayansa suna samuwa, kuma duk bakaniken bakin ruwa ya san cikinsa. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne 50 da 1, wato rabin lita na mai a tankin lita 25, kuma man ya zama na injin ruwa mai alamar TC-W3, ba baƙin man mota ba. Mai bugu huɗu yana da ma'ajiyar mansa daban kamar mota. Ya fi nauyi da tsada, amma ba ya hayaƙi sosai, kuma ya fi tattalin fetur, musamman a tafiyar sannu da ake yi wajen jan fatsa.

Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur, arahar mai takan rufe wannan bambanci. Yanzu ba ta rufewa. Inji mai bugu biyu na doki 40 yana shan kimanin lita 20 a awa idan an buɗe masa wuta gaba ɗaya, mai doki 15 kuma kimanin lita bakwai. A Gana gwamnati ta daɗe tana sayar wa masunta gaurayayyen fetur a kan rangwame, kodayake korafin karkatar da shi bai taɓa yankewa ba. Masuncin Najeriya a gidan mai yake saye kamar kowa. Duk da haka, injin zamani mai sarrafa mai da lantarki ba shi da amfani a garin da babu mai gyaransa. Kafin a biya kuɗi, a zaga bakin ruwan a ga injin da makanikai suka iya da wanda kayansa suke kan kanta.

Abin da ba a barin gida

Kowane inji yana zuwa da wata jar igiya da matuƙi yake ɗaurawa a ƙafarsa. Idan ya faɗa ruwa, igiyar tana fizge makunni, inji ya mutu. A watan Mayun 2013, a Padstow da ke Ingila, wani jirgi mai ƙasan faiba ya watsar da iyali guda a ruwa, ya ci gaba da kewayawa a kansu babu matuƙi, farfela ta kashe uba da 'yarsa. Binciken hukuma ya gano ba a ɗaura igiyar ba. Bayan ita sai rigar ceto ga kowa, da filafili biyu, da anga mai doguwar igiya, da famfo, da kayan faci, da waya a cikin jakar da ruwa ba ya shiga. Anga tana da muhimmanci na musamman, domin jirgin roba ba shi da nauyi, iska tana kwasar sa zuwa tsakiyar teku da zarar inji ya tsaya. Fetur kuma ana raba shi uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ajiya.

Ruwan gishiri yana cin inji daga ciki. Bayan kowace fita ana zagaya masa ruwan daɗi na 'yan mintuna, a duba ƙananan ƙarafan da aka liƙa masa don tsatsa ta ci su maimakon jikinsa, a sauya su idan sun zaizaye rabi. Mai sayen na hannu kada ya yarda a tayar masa da inji a busasshe, domin 'yar farfelar robar da take jan ruwan sanyaya shi tana ƙonewa cikin ƙasa da minti ɗaya. A tsoma ƙafar a durom cike da ruwa, a tayar, a ga siririn ruwan da yake fesowa ta baya yana fita da ƙarfi. A kwance kusar man giya ta ƙasa a duba: idan man ya yi fari kamar madara, ruwa ya riga ya shiga. Shi kuwa jirgin, a hura shi ya cika, a shafa wa mahaɗarsa ruwan sabulu don ganin kumfa, a bar shi ya kwana, a sake aunawa da safe.