Funtuwa: Garin da Laka da Layin Dogo Suka Gina

Matafiyin da ya baro Zariya ya nufi Gusau, bayan tafiyar kimanin kilomita 70 zai iso wata mararraba da ba ta barci. Daga nan hanya ɗaya ta miƙe Gusau da Sakkwato, ɗaya ta yi Malumfashi har Katsina, ɗaya kuma ta gangara Birnin Gwari. Wannan ita ce Funtuwa, gari na biyu a girma a Jihar Katsina, kuma cibiyar yankin da mutanensa ke kira Karaduwa.

Arzikin yankin daga ƙasarsa ya faro. Arewacin Katsina jigawa ce mai rairayi da ƙarancin ruwa, amma kudu laka ce mai riƙe danshi, ruwan da take samu a shekara kuma yana kai kimanin milimita 1,000. Shi ya sa masana tarihi irin su marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, suke ambaton wannan ɓangare da Katsina Laka. Ƙasar tudu ce, ruwa daga cikinta yake gangarawa: Gulbin Sakkwato ma a kusa da Funtuwa ya samo tushe kafin ya ratsa Gusau. Madatsun ruwa na Mairuwa da Gwaigwaye su ke shayar da gari, su kuma raya noman rani.

Kafin zuwan Turawa, ba Funtuwa ake ji ba. Maska da Gozaki su ne tsofaffin biranen wannan ƙasa, kuma Maska ta yi suna wajen saƙa da rini, domin auduga ta daɗe a gonakinta. Abin da ya juya al'amari shi ne yunwar auduga da masaƙun Ingila suka shiga. A 1902 aka kafa kamfanin BCGA a Mancesta don bunƙasa nomanta a ƙasashen da Ingila ke mulka, daga baya ya gina gidajen gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. A ƙarshen shekarun 1920 aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya, ya bi ta Funtuwa, ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Sarauta ma ta bi kasuwa: har yau Hakimin Funtuwa Sarkin Maska ake ce masa, amma a Funtuwa yake zaune.

Dattawan yankin suna tuna yadda kaka take a fuloti, wato kasuwar auduga. Tun da asuba jakuna da amalanke ke jeruwa da buhunan auduga. Malamin auduga ya cusa hannu cikin buhu, ya ciro, ya duba ko akwai ganye ko tsakuwa, sannan ya yanke: lamba ɗaya ko lamba biyu. A ɗora a sikeli, a ƙirga wa manomi kuɗinsa a hannu. Da kuɗin nan ake biyan haraji, a yi wa ɗa aure, a sayi keke ko kwanon rufi. Haraji kuwa hanyarsa sananniya ce a zamanin En'e: daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa baitulmalin Katsina. Manyan hakimai ne ke riƙe da kudu, Sarkin Maska a Funtuwa, Makama a Bakori, Galadima a Malumfashi, kujerar da Mai Shari'a Mamman Nasir ya riƙe har rasuwarsa a 2019.

Jirgi da auduga suka jawo baƙi. Yarabawa da Ibo da Nufawa suka zo ciniki da aikin reluwe, Hausawan Kano da Zazzau da Sakkwato suka zo neman gona, Fulani kuma dama suna nan da shanunsu. Mawaƙi Dakta Mamman Shata ma a nan ya kafa gidansa. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum 225,571 a Ƙaramar Hukumar Funtuwa, a fili mai faɗin murabba'in kilomita 448 kacal, wato sama da mutum 500 a kowace murabba'in kilomita. Tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba, amma duk wanda ya san unguwannin Jabiri ko Maƙera a da, ya ga yadda gidaje suka cinye gonaki.

Shekarun 1970 su ne suka fi barin tarihi mai kyau. A 1975 Bankin Duniya da gwamnati suka zaɓi Funtuwa, tare da Gusau da Gombe, don gwajin shirin raya aikin gona na farko irinsa a Nijeriya. Aka buɗe hanyoyin karkara, aka gina cibiyoyin sayar da taki kusa da ƙauyuka, malaman gona suka shiga lungu da saƙo da ingantaccen iri. Masara, wadda a da ake shuka ta a bayan gida don gashi, ta zama amfanin gona na buhu dubu. Kasuwar hatsi ta Ɗandume, inda tireloli ke lodi zuwa kudancin ƙasar nan, 'yar wannan zamani ce a girmanta na yau.

A 1976 aka yi wa mulkin ƙananan hukumomi garambawul, En'e ta kau. Funtuwa da Malumfashi suka zama ƙananan hukumomi a tsohuwar Jihar Kaduna, kuma suna cikin bakwai da Jihar Katsina ta fara da su ranar 23 ga Satumba, 1987. Daga nan aka yi ta yanka. Funtuwa ta haifi Bakori da Faskari da Ɗanja da Ɗandume da Sabuwa, Malumfashi ta haifi Ƙanƙara da Ƙafur. Idan aka haɗa da Musawa da Matazu, su ne 11 na shiyyar Funtuwa, cikin 34 na jihar.

Sakatariya ta matso kusa da talaka, wannan gaskiya ne. Amma manomi ba da yawan ofisoshi yake auna hukuma ba. Yana auna ta da taki a kan lokaci, da hanyar da mota za ta shiga ta kwaso amfaninsa da damina, da asibitin da zai kai matarsa cikin dare, da tsaron da zai bar shi ya je gona. A nan ne aka gaza. Auduga ta ja baya, jirgi ya daina zuwa, kuma 'yan bindiga sun raba dubban manoman Faskari da Sabuwa da Ɗandume da gonakinsu. Sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 ya nuna wa duniya abin da ƙauyukan suka daɗe suna gani.

Duk da haka akwai ƙofofi biyu da suka buɗe a 2024: an ƙaddamar da tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtuwa, kuma ranar 11 ga Yuli Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ya rage wa mutanen Karaduwa su tsaya a kan haƙƙinsu, su san kansilansu, su tambayi shugaban ƙaramar hukumarsu nawa ya shigo kuma ina aka kai shi. Yankin da ke ciyar da jiha, har ya aika wa maƙwabta, ya cancanci hukumar da za ta mayar wa manominsa da wani abu daga cikin guminsa.